Motar da aka saka a Bolt ko Uber: wa zai biya idan an yi haɗari?

Baban Amira: Assalamu alaikum. Mutum ne ya sayi mota ya ba direba yana aiki da Bolt a Abuja, yana kawo masa balas duk mako. Idan direban ya buge wani ko fasinja ya ji rauni, wa doka za ta kama: kamfanin, direban ko mai motar?

Barista Zariya: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kamfanin ne ya fi wuyar kamawa. Sharuɗɗan da direba ke danna amincewa a kansu sun ce shi mai zaman kansa ne, manhaja haɗa shi da fasinja kawai take yi. Wasu direbobi sun kai Uber da Taxify, tsohon sunan Bolt, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa a Legas suna neman a ɗauke su ma'aikata, amma a ƙarshen 2018 aka kori ƙarar saboda ba su kawo isassun hujjoji ba. Kotun Ƙolin Birtaniya kuwa a Fabrairun 2021 ta ce direbobin Uber sun cancanci mafi ƙarancin albashi da kuɗin hutu, domin kamfanin ne ke yanke kuɗin tafiya yana kuma sa musu ido. Alƙalinmu na iya duba wannan hukunci, amma bai zama dole ya bi shi ba.

Saura direba da mai mota. Laifin tuƙin ganganci na direba ne shi kaɗai. Diyya kuma ta danganta da alaƙarsu: idan albashi ake biyansa ana ba shi umarni, yaron gida ne, ubangidansa zai ɗauki nauyi. Idan haya ya karɓa yana kawo balas, mai mota na da bakin kare kansa, sai dai lauyan wanda aka buge zai haɗa da shi a ƙara, tunda shi ne mai abin hannu.

Maman Sadiq: Barista ya gama da kotu, amma inda aka fi faɗawa rami inshora ce. Mai naira 15,000 da NAICOM, hukumar kula da inshora ta ƙasa, ta tsayar tun Janairun 2023 ta motar gida ce. Tana biyan ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan 3, ba ta gyara motarka. Kuma da zarar kamfanin inshora ya gano ana ɗaukar fasinja da kuɗi, zai iya ƙin biya, don ba haka aka rubuta a takardar ba. Tun farko a gaya musu motar haya za ta yi, a yanki wadda ta haɗa da fasinja.

Malam Na-Gareji: Hajiya ta faɗi gaskiya. A ƙara da yarjejeniya a rubuce da shaidu biyu: nawa ne balas, wa ke sayen taya da canjin mai, wa ke biyan tara. A hana direba ba wani aron asusunsa, domin ranar da aka yi haɗari da wanda ba shi ne a rajista ba, kamfanin manhajar zai rufe asusun ya janye jikinsa.