Sauke, Zazzage ko Dawunlodin: Wacce Za Mu Tsayar?

Malamai da 'yan'uwa masu sha'awar harshe, ina so mu tsaya a kan kalma guda, wato sunan aikin da mutum yake yi idan ya jawo waƙa ko bidiyo ko manhaja daga intanet zuwa cikin wayarsa. Kalmomi uku ne suke yawo a yanzu. A bakin ɗalibai da matasan da ke tura wa mutane finafinai a shagunan caji, "dawunlodin" ake ji. A rubutun 'yan jarida ana ganin "sauke". Sai kuma "zazzage", wadda ta cika shafukan da na'ura ta fassara. A Maraɗi da Damagaram kuwa, wanda ya yi karatun Faransanci "telesharje" zai ce, kuma wannan ma dalili ne na neman kalmar da za ta yi wa kowane ɓangare aiki.

Akwai masu cewa duk kalmar da ta fito daga Turanci korarriya ce, kuma ban yarda da su ba, domin Hausa ta daɗe tana karɓar baƙi tana ɗinka musu rigarta. "Canza" daga Turanci ta zo, amma yau muna cewa ya canza, ya canzo, abin ya canzu, ga canji, ga canzawa. Haka "faka" da fakin, da "kwafa" da kwafi, da "loda" da lodi, wadda 'yan kamasho suke furtawa a tasha tun asuba ba tare da wani ya tuna asalinta ba. Kwamfuta ma ta fi "na'ura mai ƙwaƙwalwa" yawo a baki, ta samu jinsin mace saboda wasalin ƙarshenta, ta kuma samu jam'i, kwamfutoci, bisa tsarin mota da motoci. Ba wani kwamiti ne ya zauna ya yi wannan aiki ba. Masu magana ne suka yi shi, kuma bisa ƙa'ida suka yi shi ko da ba su san sunan ƙa'idar ba.

Saboda haka ma'aunin da nake ba da shawarar mu ɗauka shi ne ko kalmar ta shiga tsarin aikatau na Hausa. Tun 1960 masanin nahawun Hausa Parsons ya kasa aikatau ɗin Hausa aji bakwai bisa wasalin ƙarshe da karin sauti, kuma duk baƙuwar da ta zauna da gindinta a harshen nan sai an ga tana juyawa a cikin waɗannan azuzuwa. To, a gwada "dawunlodin". Ba ta juyawa ko kaɗan, dole sai an jingina ta da "yi", sannan saboda ta ƙare da baƙi sai an ƙara mata "ɗin" kafin ta ɗauki wakilin suna, har a kai ga jimla irin "na yi dawunlodin ɗinsa jiya". Mai cewa "na sauke shi jiya" ya riga ya gama maganarsa. Da jama'a sun sarrafa ta kamar yadda suka sarrafa "loda", da ba ni da ta cewa, amma shekaru sun ja ba ta motsa daga inda ta tsaya ba.

"Zazzage" ba ta da matsalar nahawu, ma'anarta ce ta kauce. Wanda ya zazzage buhu ya juye abin da ke ciki ne gaba ɗaya har ya kaɗe gindinsa, kuma kalmar tana ɗauke da hoton watsuwa, alhali abin da aka jawo daga intanet wuri guda yake zama a cikin waya.

Na san za a ce "sauke" ma tana da irin wannan rauni, tunda idan an sauke kaya daga mota, motar ta rabu da su ke nan, amma bidiyon da ka sauke yana nan inda yake, kwafinsa kawai ka samu. Masu wannan hujja sukan kawo "kwafo", kuma a gaskiya kalma ce mai kyau, domin wasalin "o" na aji na shida yana nuna aikin da aka yi zuwa wajen mai magana, kamar sayo da ɗauko. Sai dai "kwafo" tana da nata aikin, domin wanda ya kwafo rubutu daga wani shafi ya liƙa a wani ba abin da muke magana a kai ya yi ba, kuma muna buƙatar kalmomin biyu su rabu. Game da yawan ma'ana kuwa, "sauke" ta saba da shi: ana sauke baƙo, ana sauke tukunya, ana sauke farali, ana sauke Alƙur'ani, ana sauke mutum daga muƙami, kuma ba a taɓa jin wanda ya rikice ba, saboda abin da ya biyo bayan kalmar yana fayyace ta. Abin da ya fi ƙarfafa ni shi ne jama'a da kansu sun riga sun zaɓi abokiyar tafiyarta, domin kowa yana cewa "ya ɗora hoto a Facebook". Abin da aka ɗora kuwa, sauke shi ake yi.

Ina ganin mu tsayar da "sauke" da "ɗora" a rubutu, a aji, da kuma fassarar manhajoji. Sunan sana'a kuwa, wato "'yan dawunlodin" da ake kiran masu tura finafinai a Kano, mu bar shi yadda kasuwa ta raɗa shi, domin suna ne, ba aikatau ba, kuma ya shiga tsarin "ɗan" da "'yan" daidai.

Abin da ya rage shi ne sunan wurin da waya take tara abubuwan. "Abubuwan da aka sauke" ya yi tsawo a fuskar waya, "saukakku" kuma daidai yake a nahawu amma kunne bai saba da shi ba tukuna. A nan nake neman ra'ayin malamai, musamman waɗanda suka taɓa aikin fassarar manhaja.