Lambar Google Scholar ce ke nuna gwanin binciken gini?

Ɗan Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum. Ina aikin duba gine-gine a nan Katsina, kuma na samu gurbin digiri na biyu a fannin fasahar gini. An ba ni zaɓi tsakanin malamai biyu da za su duba mini aikin bincike. Na leƙa shafukansu na Google Scholar, inda ake jera maƙalun binciken masana: ɗaya Farfesa ne, ma'auninsa na h ya kai 24, ɗayan kuma matashin Dakta ne, nasa 7. To amma shi Daktan aikinsa a kan bulon jar ƙasa ne da zuba tokar ɓuntun shinkafa a kankare don a rage siminti, kuma nan zuciyata take, tunda kuɗin buhun siminti ya ishi kowa. Abokaina sun ce kar in yi wauta, in bi mai babbar lamba. Da gaske lambar nan tana nuna wanda ya fi tasiri?

Malamar Laburare:
Wa alaikumus salam ƙanena. Fara sanin abin da lambar take ƙirgawa. Wani masanin kimiyyar fiziya a Amurka, Jorge Hirsch, shi ya kawo ta a 2005. In an ce ma'aunin mutum 24 ne, yana da maƙala 24 da aka kafa hujja da kowacce aƙalla sau 24. Shi ke nan. Wanda ya rubuta maƙala uku kacal, ko da an ambaci kowacce sau 500, ma'auninsa 3 ne, ba zai wuce nan ba sai ya ƙara rubutu. Kuma lambar tana taruwa ne da shekaru, don haka wanda ya daɗe yana koyarwa yakan tsere wa wanda ya gama digirin Dakta kwanan nan. Haɗa su a sikeli ɗaya zalunci ne.

Sannan fanni da fanni sun bambanta. Masu binciken likitanci suna ambaton juna sosai fiye da injiniyoyi. Ko a cikin harkar gini, mai rubutu kan sarrafa aiki da kwamfuta yana da masu karatu a Sin da Turai, mai rubutu kan jar ƙasarmu kuwa masu ambatonsa 'yan kaɗan ne. Ka gwada Daktan da sa'o'insa masu irin aikinsa.

Wani abu kuma, Google Scholar komai kwasa yake, har kundin ɗalibai da takardun taro. Ka duba su a Scopus, rumbun maƙalu na kamfanin Elsevier, za ka ga lambobin sun ragu, don can mujallun da aka tantance ake ƙirgawa.

Injiniya mai rajistar COREN (hukumar kula da aikin injiniya ta Najeriya):
Hajiya ta gama magana. Abin da zan ƙara, lambar nan ana iya hura ta. Mutum ya riƙa ambaton kansa a kowace maƙala, ko abokai biyar su riƙa saka sunan juna a aikin da mutum ɗaya ya yi. Ga mujallun da in ka biya kuɗi yau, mako mai zuwa an buga maka ba wanda ya karanta. Ban ce Farfesanka haka yake ba. Buɗe maƙalunsa biyar na sama, ka ga a ina aka buga su, su waye suka ambace su. In ka ga irin su mujallar Construction and Building Materials ko mujallun ASCE, ƙungiyar injiniyoyin gine-gine ta Amurka, to da nauyi. Su kansu masana sun koka, shi ya sa aka yi sanarwar DORA a San Francisco a 2012, wadda ta ce a daina auna mutum da darajar mujallar da ya buga aiki, a duba aikin kansa.

Baban Magina, Daura:
Ɗana, ni ban san Scopus ba, jikana ke karanta mini wannan. Tun ina yaro nake ɗora tubali, daga baya na koma bulo. Makuba da muke samu daga kwasfar ɗorawa muna shafe bango don ruwan damina, ba a takarda muka koya ba, kuma Gobarau tana nan tsaye a garinku da ginin ƙasa. Abin da zan tambayi kowane malami shi ne, bulon da ya ce ya gwada, akwai ɗakin da aka gina da shi? Damina nawa ya sha? Ya taɓa zama da birkiloli ya nuna musu awon? Da yawa suna zuwa su ɗebi ƙasa a buhu, su tafi, ba mu ƙara jin labari ba.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Allah ya ƙara girma Baba. To Hajiya, in yi watsi da lambar ke nan?

Malamar Laburare:
A'a. Wanda ya shekara 20 a jami'a ba wanda ya taɓa kafa hujja da aikinsa, wannan ma labari ne. Kuma in kana da niyyar neman karatu a waje, sunan Farfesa a takardarka zai yi maka rana, kar a ruɗe ka. Amma tambayar Baba ita lambar ba ta amsawa. Injiniyan da ya yi amfani da sakamakon bincike a wurin gini ba ya rubuta maƙala, balle ya ambace ka. Ka tambayi Daktan ko ya taɓa aiki da NBRRI, cibiyar binciken gini da hanyoyi ta tarayya, da kuma inda zai kai ka murƙushe samfurin kankare bayan kwana 28 a ga ƙarfinsa, don ba kowane sashe ke da injin da ke aiki ba. Ka nemi ɗaliban da suka gama a hannun kowannensu ka ji shekara nawa suka ɗauka. In sashen ya yarda da masu duba aiki biyu, ka roƙi a haɗa maka su, Daktan ya riƙe aikin yau da kullum.