Suna ɗaya, abu uku: wa ke da "ƙwayar halitta"?

Malamin kimiyya:
Assalamu alaikum, jama'a. Ina koyar da ilimin halittu a sakandare, kuma idan Turanci ya cije wa yara nakan juya zuwa Hausa. Makon jiya muna darasin abinci, na ce tuwon da suka ci yana narkewa ya koma sukari, jini ya kwasa ya kai wa kowace ƙwayar halitta. Sai wata yarinya ta ɗaga hannu: "Malam, ba ita ake gwadawa a gane uban yaro ba? Ita ma tuwo take ci?" Aji ya fashe da dariya, amma ta fi ni gaskiya. Abu uku muke kira da wannan suna: sel, wato ƙanƙanin abin da aka gina jikin mai rai da shi, da DNA, da abin da Bature ke ce wa jin, wato mai ɗauko kamannin iyaye. Ina neman kalmar da za ta zama ta sel ita kaɗai.

Ɗalibin likitanci:
Malam, me zai hana a bar ta sel kawai? Mun ari furotin da bitamin, ba wanda ya mutu.

Malamin kimiyya:
Je ka kasuwa ka ce wa mutum jikinsa cike yake da sel, ka ga ko ba ofishin 'yan sanda zai tuna ba. Kalmar ta riga ta shigo Hausa ta wata ƙofa. Abin mamaki, asalinsu ɗaya ne. A 1665 Robert Hooke na Ingila ya yanko ɓawon wata bishiya siriri, ya leƙa ta madubin ƙara girma, ya ga 'yan ɗakuna jere, sai ya ba su sunan ƙaramin ɗaki daga Latin. Ɗakunan ma wofi ne, domin matattun bangaye ya gani. Sai wajen 1838 da 1839 Jamusawa biyu, Schleiden da Schwann, suka tsayar da maganar cewa tsiro da dabba duk da waɗannan aka gina su.

Wani dattijo daga Damagaram:
Mu nan da Faransanci yara ke karatu, selil suke cewa, tushen dai guda. Amma ku dubi Larabawa: haliyya suka ce, sunan amyar zuma. Wanda ya taɓa riƙe saƙar zuma ya ga hoton da idonsa. Ni da tubali zan ce. Da tubali ake tayar da soro, da wannan ake tayar da jiki.

Malamar jinya:
Baba, tubali ya yi daɗin ji, kuma a fata ko tsoka ya zauna daidai. To jini fa? Ƙwayoyin jini sun fi dukkan sauran yawa a jikin mutum, kuma yawo suke yi dare da rana. Tubali ba ya yawo, ba ya ci, ba ya rabewa biyu ya haifi ɗan'uwansa. Bayan haka, mu a asibiti mun daɗe muna cewa jajayen ƙwayoyin jini da fararen ƙwayoyin jini, matan ƙauye ma sun gane. Idan mai ciki ta zo awo na ja fatar idonta na ga fari fat, cewa nake ɓargonki na neman kayan aiki. Jar ƙwaya kwana 120 take yi ta mutu, ɓargo kuwa yana ƙera sama da miliyan 2 kowace daƙiƙa, kuma ba ya iyawa sai da sinadarin ƙarfe. Sai in ce ta ci hanta, da wake, da ganye irin su zogale, ta riƙa shan jan maganin da aka ba ta. Ban taɓa rasa kalma ba. Kada ku taɓa mana ƙwaya.

Ɗalibin likitanci:
Na ga wasu suna rubuta tantani a intanet.

Malamar jinya:
Kuskure ne, ƙanena. Tantani shi ne siririyar fatar da ke lulluɓe abu, irin wadda ke cikin ɓawon ƙwai. Ita sel tana da nata tantanin da ya kewaye ta, shi ke tace abin da zai shiga da wanda zai fita. In ka ba ta sunan rigarta, me za ka kira rigar?

Malamin kimiyya:
Na so in kawo "ƙwayar rai", amma na janye tun kafin ustazai su taso. Rai a bakin Bahaushe ya wuce abin da madubi ke gani. Kuma saman fatarmu matattu ne, kullum suna zuba. "Matacciyar ƙwayar rai" magana ce mai cin kanta.

Maganar Hajiya malamar jinya ta sa na lura cewa tun farko na ɗauko zancen a baibai. Sel ita ce mai gida, baƙi ne suka cika mata ɗaki. A bar mata ƙwayar halitta, in an zo ga gaɓoɓi a ce ƙwayar hanta, ƙwayar tsoka, ƙwayar jini. Sauran biyun a nema musu masauki, don su ba ƙwaya ba ne ko a siffa. DNA zare ne, wanda ke cikin ƙwaya guda in an miƙe shi ya kai kimanin mita 2. Sai mu ce zaren gado. Jin kuwa yanki ne a jikin zaren, kamar gaɓa a jikin rake: gaɓar gado, kusan 20,000 masu ba da umarnin haɗa furotin. Zaren a nannaɗe yake ƙunshi 46, 23 daga uwa, 23 daga uba. Wannan ƙunshi sai mu ce masa dami.

Wani dattijo daga Damagaram:
Dami ya yi, manomi zai gane. Amma Malam, a rubuce "zaren gado" ɗan'uwan zanen gado ne. Boko ba ya nuna jan wasali. Yaro zai zaci na kwanciya ne.

Malamin kimiyya:
Allah ya ja kwana, Baba, haka ne. Amma muna rubuta rabon gado, ba wanda ya taɓa ɗauko zarto. Bari in gwada su a jimla, da sikila: "A dami na 11 akwai gaɓar gado ɗaya da ta sauya. Wanda ya gaje ta daga uwa da uba duka, jajayen ƙwayoyin jininsa kan lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan jijiyoyi, su mutu cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon 120."

Malamar jinya:
Wannan zan iya faɗa wa masu zuwa gwajin aure ba tare da na sa Turanci ko ɗaya ba. In ƙara da cewa AS da AS, wato miji da mata da kowannensu ya gaji gaɓar daga ɓangare ɗaya kawai, kowane ciki kashi ɗaya cikin huɗu ne ya zo SS, mai sikila. Damin ne kawai bakina bai saba ba tukuna. Ranar Talata muna awo, zan gwada shi a kan mata in ji abin da za su ce.