Wanda ya gama zaman gidan yari zai iya yin zaɓe ko tsayawa takara?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masu sanin doka ku taimaka min. Ni daga wani ƙauye nake a ƙasar Gwaram. Ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, rigimar iyakar gona ta haɗa shi da maƙwabcinmu da damina har ya ji wa mutumin rauni a hannu da fartanya, kotu ta ɗaure shi shekara 2, ya yi zamansa ya fito, mun je da manya an ba da haƙuri an yafe. Yanzu yana nomansa yana ɗinkin da ya koyo a can. To ranar kasuwa ya ce zai je a sake masa katin zaɓe don nasa ya ɓata, sai wani a majalisa ya ce kar ya wahalar da kansa, wai duk wanda ya taɓa shiga gidan yari gwamnati ta goge sunansa, ba zaɓe ba takara ba aikin gwamnati har ya mutu. Wallahi tun ranar yaron nan ya daina zama cikin mutane. Ga shi samarin mazaɓarmu na son tsayar da shi kansila. Gaskiya ne maganar nan?

Lauyan Karkara:
Wa alaikumus salam Baban Khalifa. Wanda ya faɗi haka ya ɗauki alhakin yaron nan. Ɗan ƙasa ta hanyar haihuwa babu laifin da ke raba shi da zama ɗan Najeriya, sashe na 30 na kundin tsarin mulkin 1999 da ya yi maganar ƙwace zama ɗan ƙasa bai shafi irinmu ba, baƙon da aka ba takardar zama ɗan ƙasa ake nufi. Zaɓe kuwa sharaɗinsa ka zama ɗan ƙasa, ka kai shekara 18, ka yi rajista a inda kake zaune. Kai, ko waɗanda ke tsare a ciki ma babbar kotun tarayya da ke Benin ta yanke hukunci a 2014 cewa suna da 'yancin jefa ƙuri'a, balle wanda ya gama ya fito. Ya tafi ofishin INEC na ƙaramar hukuma a sake masa katinsa.

Takara ce ke da ɗan bayani. Sashe na 66 da 107 da 137 da 182 su ne na majalisar tarayya da ta jiha da shugaban ƙasa da gwamna, kuma duk magana ɗaya suke, wanda yake cikin wa'adin hukunci ba zai tsaya ba, sannan wanda aka samu da laifin rashin gaskiya, irin su zamba da sata da takardun jabu, sai an shekara 10 da yanke masa hukunci. Ka lura, daga ranar hukunci ake ƙirgawa ba ranar fitowa ba. Na ƙanenka faɗa ne da rauni, ba ya cikin wannan sahun. Kansila kuma sashe na 7 ya ce wanda ya cancanci zaɓe ko takarar majalisar jiha a ba shi wannan damar a ƙaramar hukuma, sai dai ku karɓo takardar hukuncin daga kotun ku nuna wa lauya tare da dokar hukumar zaɓe ta jiha kafin ku kashe kuɗin fom.

Malam Na Ringim:
Allah ya saka Lauya. Ni abin da ke min ciwo shi ne talaka kawai ake wa wannan gorin. Obasanjo an ɗaure shi a 1995 zamanin Abacha, Abdulsalami ya sake shi a 1998 aka yi masa afuwa, 1999 ya zama shugaban ƙasa, da ƙuri'unmu. Nan Kano Salisu Buhari ya sauka daga kakakin majalisar wakilai a 1999 kan takardar jabu, kotu ta same shi da laifi, daga baya aka yi masa afuwa. Gwamna ma sashe na 212 ya ba shi ikon yin afuwa kan laifin dokar jiha, amma wa zai kai sunan ɗan manomi teburin gwamna?

Maman Sadiya:
Yaya Baban Khalifa ni dai zan faɗa maka gaskiya, doka daban mutanen gari daban. Ɗan yayata da ya fito daga Goron Dutse har sa rana aka yi, ranar da za a kai kayan lefe kawun yarinyar ya ce su ba sa ba tsohon fursuna, akwatuna uku a tsakar gida muka zauna muna kallonsu, uwarsa kwana ta yi tana kuka. Idan ƙanenka ya fito takara 'yan adawa da wannan za su yi kamfe, za su sa a waƙa, yara su riƙa bin sa da ita a lungu. Ku tambaye shi tsakani da Allah ko zuciyarsa za ta ɗauka, kar samari su tura shi gaba su gudu. In zai yi to ku fara da mutumin da ya ji wa raunin, in shi ya tashi gaban dagaci da liman ya ce na yafe kuma ina bayansa, bakin kowa ya mutu.

Lauyan Karkara:
Maganar Maman Sadiya haka take. Na manta batun aiki, nan kam akwai cikas na gaske, ɗaukar soja da ɗan sanda suna sharɗanta kar a taɓa samunka da laifi a kotu, fom ɗin aikin gwamnati ma ana tambaya, kuma kar ya kuskura ya ɓoye don in aka gano ƙaryar ita ce za ta kore shi. Amma dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta tanadi takardar shaidar kyakkyawan hali ga wanda ya zauna lafiya ya koyi sana'a, ta kuma hana a nuna wa mai ita wariya saboda zaman da ya yi. An ba shi da zai fito?

Baban Khalifa:
Na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci. Na karanta masa duka yanzu a shagonsa, ya ce takardar sallama kaɗai aka ba shi. Ranar Litinin in sha Allahu zan ɗauke shi a babur mu fara zuwa wajen katin, daga nan kotu. Lauya ita waccan takardar a gidan yarin da ya zauna za mu nema ko sai mun je Dutse?