Cika-ciki ya matso, ni da taubashina ba ma magana

Assalamu alaikum 'yan'uwa, ina neman shawara.

Kowace shekara ranar 10 ga Muharram taubashina yakan dira gidanmu da sassafe yana zolayata, sai na ba shi kuɗin shara, a zuba masa tuwo da naman Layya da aka adana, mu yi ta dariya. Bara rabon gonar kakanmu ya shiga tsakaninmu. Ko a Sallah bai amsa gaisuwata ba, na kira wayarsa bai ɗauka ba, na haɗa shi da limamin unguwa ya ce "ba komai", amma har yau shiru. Abin yana ci mini rai, ga hadisin da ya hana ƙaurace wa ɗan'uwa fiye da kwana 3.

Ina tunanin in kai masa kuɗin sharar da kaina, in shiga da wasa kamar da. Sai dai ina tsoron ya ɗauka raini ne, tunda maganar gonar ba ta mutu ba. In fara da wasan, ko in nemi Baffa ya zaunar da mu tukuna? Wanda ya taɓa gyara irin wannan, don Allah ya faɗa mini yadda ya yi.