Na'urar gano hayaƙi tana ƙara da asuba, ko ta lalace ne?

Uwargida daga Garwa:
Assalamu alaikum. Shekara uku ke nan da maigida ya maƙala na'urar gano hayaƙi a silin falonmu, kuma ba ta taɓa damunmu ba sai da hunturun bana ya kama. Yanzu takan yi ɗan ƙara irin na kukan tsako kusan kowane minti ɗaya, musamman gab da kiran sallar asuba, sannan sau biyu tana ɓarkewa da kururuwa da rana tsaka alhali ba a hura wuta ba. Yara sun ce a cire ta kowa ya huta.

Mai gyaran lantarki, Marwa:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Matsalolin biyu ne, kada a haɗa su. Kukan tsakon alama ce ta batir ya yi rauni, kuma dalilin da ya sa ya fi yawa da asuba shi ne sanyi yana ƙara rage ƙarfin batirin da dama ya kusa mutuwa. A sa sabo, yawanci mai bolt 9 ne. Kururuwar kuwa ina zargin ƙurar hunturu, domin da yawa daga cikin na'urorin nan suna da ɗan haske a ciki, idan ƙura ko ƙwaro ya shiga ya watsa hasken, sai na'urar ta ɗauka hayaƙi ne. A sauke ta a kakkaɓe ramukanta da buroshi mai laushi, ban da ruwa, sannan a danna maɓallin gwaji. A kuma duba kwanan watan da ke bayanta: shekara 10 ne wa'adin aikinta, ana ƙirgawa daga ranar da aka ƙera ta, ba daga ranar saye ba, kuma wasu sun daɗe a kanti kafin su iso hannunmu.

Wata 'yar'uwa daga Injamena:
Yaya, ki lura da turaren wuta. Ni kaskon turarena ne yake tayar da tawa. Haka kuma a nisanta ta da murhu aƙalla mita 3.

Malamin makaranta, Ngaundere:
Don Allah kada a biye wa yara a zare batir a bar ta a rataye. Kuma a sani ba ta jin warin gas idan tukunya tana yoyo, wannan aikin wata na'ura ce daban.

Uwargida daga Garwa:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Mun canza batir, kukan ya daina. Amma da muka juya bayanta sai muka ga 2013 a rubuce, don haka gobe maigida zai nemo sabuwa a kasuwa.