Ɗalibata ta maƙale a babi na huɗu

Assalamu alaikum malamai. Ina koyarwa a wata kwaleji a Gombe, ina duba binciken wata ɗaliba kan noman rani a madatsar ruwan Daɗin Kowa. Ta yi ƙoƙari, har gonaki ta bi manoman shinkafa. Amma a babi na huɗu maganganunsu kawai take jerawa, babu nazarinta ko kaɗan. Sau uku ina mayar mata da jan biro. Da na rubuta mata sakin layi ɗaya don misali, sai ta kwafe shi sukutum. Abin na damuna, aikin nata ne. Saura mako biyu a miƙa. Yaya zan sa ta fito da nata tunanin ba tare da na rubuta mata ba?